JAWABI GA TARON ƘUNGIYA: RUWA DA ITATUWAN ƘASAR KATAGUM



Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu dattawa, da sauran 'yan uwa mazauna wannan zango, barkanmu da haɗuwa. An ce in yi magana a kan abin nan da muke ji a rediyo, wato muradun ci gaba mai ɗorewa. Ni ɗan kasuwa ne, hatsi da wake nake saya a Udubo da Gamawa da Azare, don haka daga can zan ɗauko zancen.

A watan Satumba na 2015 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da muradai 17 da ake son cimmawa zuwa 2030. Na biyu kawar da yunwa, na shida ruwan sha da tsafta, na goma sha biyar kare daji da ƙasar noma. Kowace shekara kuma ƙasashen Afirka kan zauna su duba inda aka kwana. Na 2023 a Yamai aka yi shi, daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris. To, wata biyar bayan nan sojoji suka karɓi mulki a Nijar, aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris ɗin 2024. Duk mai fataucin wake ko dabbobi a cikinku ya ji a aljihunsa. Shi ya sa nake ganin haɗin kan da ake ƙullawa a otal bai kai ƙarfin wanda ke tsakanin manomi da manomi ba.

Amma haɗin kan ya zama dole, domin ruwa bai san iyakar jiha ba. Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa ƙasar Katagum, ya haɗu da Kogin Haɗeja kafin Gashuwa, su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Cadi. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, duka a Jihar Kano, sai tafiyar ruwan Haɗeja ta canja. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, wani wuri ya cika har ya ci gonaki, wani ya bushe. Madatsar Kafin Zaki da aka fara a kan Kogin Jama'are tun zamanin Shagari aka dakatar, mutanen Bauchi na ganin ta alheri ce, na Yobe da Barno na tsoron fadamunsu. Kowa da gaskiyarsa. Wannan ne ya sa a 2006 gwamnonin Bauchi, Barno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe suka haɗu a Damaturu suka kafa asusun kula da waɗannan koguna. Mu nawa ne a nan muka taɓa jin labarinsa?

Sai maganar itatuwa, wadda ta fi damuna. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, daga Senegal zuwa Jibuti, kuma Bauchi na cikin jihohi 11 da Nijeriya ta sa a ciki. Ba na raina shi. Sai dai dashen da ba mai ba shi ruwa, ba shinge, akuya ce ke cin ribarsa kafin bazara.

Ku dubi abin da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka yi. Tun shekarun 1980, bayan fari, suka daina tumɓuke kututture in za a yi sharar gona. Manomi ya zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi a jikin kututturen, ya sare sauran, ya riƙa gyara su. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, ba sai an yi ban ruwa ba. Su kan kira shi sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Mafi yawa a wasu wurare gawo ne, kun kuwa san halinsa: da damina yake zubar da ganye, bai hana gero rana ba, da rani ya ba dabba abinci. Gatari da haƙuri kawai aka kashe.

Ƙasar Udubo jigawa ce irin tasu, harshenmu ɗaya, gero ɗaya muke ci. Kuma mu da ke nan Kurmi muna da hannu a ciki, tunda gawayin da ake lodawa daga Arewa a ƙofar gidajenmu ake sauke shi.

Ga shawarata ga ƙungiya. Yawancinmu muna da gona a gida da muke aika kuɗin noma. Bana, duk wanda zai aika, ya haɗa da sharaɗi: a bar gawo da aduwa da magarya su tofo, ko da goma ne a gona. Sannan a cire wani abu daga asusu a biya wa matasa biyu na Udubo kuɗin mota su je Maraɗi kafin shuka, su gani da idonsu, su dawo su nuna. Sakatare kuma ya rubuta wa Ƙaramar Hukumar Gamawa ya tambayi abin da ya iso gundumarmu daga shirin Ganuwar, a karanta mana amsar a taro na gaba.