Tsutsa Cikin Injin Zuƙe Ƙura: Jawabin da Aka Yi a Taron Ƙungiya

Iyayenmu dattawa, shugaba, da ƴan'uwa ƴan bida da suka dawo gida, Allah ya saka da alheri da kuka ba ni wannan dama. Maganata ƙarama ce, amma ta ci mini bargo biyu da agalemin mahaifina, shi ya sa na ga ya kamata in kawo ta gabanku.

Da yawa cikinmu in mun dawo daga Libiya ko Tamanrasat ko Kano, mukan zo da darduma da bargo, wasu har da injin nan mai zuƙe ƙura. Nawa kwance na saye shi. Da yake akwai lantarki a Tanut, sai ya zama na unguwa: yau yana wannan gida, gobe yana wancan, ran Alhamis a kai shi masallaci. Wata shida ba wanda ya buɗe cikinsa. Ran da ya daina ja na buɗe, sai ga jakarsa cike da tsutsa, ƴan ƙanana, ja-ja, masu gashi, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, ga ɓawon da suka saɓe ko'ina.

Wannan tsutsa ƴar wani ƙaramin ƙwaro ce, dangin wanda ke ɓata ƙiraga da kilishi. Masu sayen fata a kasuwar Bakin Birji da ta Belbeji sun san ɓarnar irinsa. Uwar takan shigo ta taga ta zuba ƙwai inda ke da duhu da abinci. Abincin kuwa shi ne gashi, ulu, gashin kaza, fata da ɓurɓushin tuwo, wato daidai abin da injin ke tarawa. Injin ba ya kashe ƙwan, ɗaukar shi yake ya ajiye a cikinsa. Tsutsar kuwa takan yi watanni tana ci kafin ta zama ƙwaro. Ashe mu rumbu muka gina mata, muna yawo da shi gida-gida. Gashinta kuma yana sa wasu ƙaiƙayi, har a ɗora wa kuɗin cizo laifi.

To, abin da na fara yi shi ne abin da nake roƙonku kada ku yi. Na ɗauko fiya-fiya zan zuba cikin jakar. Uwargida ce ta riƙe mini hannu, ta ce: iskar da ya zuƙa, ina take fita? Gaskiyarta. Ta baya take fita, cikin ɗakin da yara ke kwana. Duk gubar da ka zuba masa, shi zai feso maka ita. A Nijeriya ma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwa. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa hatsi kuwa ta fi muni, hayaƙinta na kashe mutum yana barci. Ba ta ɗakin kwana ba ce ko kaɗan.

Maganin yana bisa kanmu, kuma Damargu ba ta rasa shi ba: rana. Zafin da ya kai digiri 60 yana kashe ƙwai da tsutsa da uwar duka. Haka malaman gona ke koya wa masu wake, a shanya shi bisa baƙar leda a rufe da fara wajen awa biyu da tsakar rana. Ni ma haka na yi wa bargo da darduma a watan Afrilu, na juya su, na kakkaɓe, bayan mako biyu na maimaita don abin da ya tsira cikin ninki.

Shi injin kuwa, a zare shi daga wuta tukuna. A fitar da shi waje, nesa da ɗaki da rumbu, a juye sharar a ƙone ta. Jakar in ta takarda ce a ƙone ta tare, in ta yadi ce a wanke da tafasasshen ruwa da sabulu. A tura sanda cikin tiyon, don nan gashi ke dunƙulewa, a kwance burushin baki a tsefe shi. Matatar a kakkaɓe. Sashen da motar take kada ruwa ya taɓa shi, tsumma ya isa. Kome sai ya bushe sarai kafin a haɗa. Daga nan, duk ran da aka yi shara a juye a ranar, ko da rabin hannu ne.

Ina da roƙo ga kwamiti. Dardumar masallaci ta sha wannan injin nawa, ban kuwa san abin da ya bari a ƙarƙashinta ba. A ba mu samari shida ranar Asabar mu fitar da ita rana, mu share gindin bango. Gidajen da suka are shi, kowa ya ɗaga shimfiɗarsa ya buɗe akwatin tufafi yau, kada a jira damina. Ledar ni zan saya, tun da daga gidana abin ya fito.