Kada Hidima Ta Cinye Lokacin Ubangiji



An ce in yi magana a kan godiya. To, sai na fara da gajiya, don kowace a cikinmu da ita ta zo. Mu ne a kasuwar Dogon Daji muna awon gero da shinkafa, muna cinikin albasa. Mu ne masu share majami'a ran Asabar, masu girki wa baƙi, masu gaida marasa lafiya, masu karɓar zubin adashi. Duk hidima ce mai kyau. Amma ku duba zamanmu na bana: ɗan jinkirin zubi kaɗan, sai murya ta tashi. Har akwai waɗanda suka daina zuwa saboda maganar da aka yaɓa musu. Randar da ake ta ɗiba ba a zuba mata, ai wata rana laka za a kankaro.

A Luka sura 10, Marta tana ta ɗawainiyar baƙi, 'yar'uwarta Maryamu tana zaune tana sauraron Yesu. Wa ta fara gunaguni? Mai aikin. Yesu bai raina girkinta ba, damuwar da ta cika mata zuciya ya nuna mata. Shi kansa, a Markus sura 1, bayan ya yi ta warkar da jama'a har dare, tun da sauran duhu ya tashi ya keɓe don addu'a. Daniyel kuma, da dukan nauyin aikin sarki a kansa, sau 3 a yini yake durƙusawa yana godiya.

Ga abin da nake roƙonmu. Maƙwabtanmu Musulmi suna tashi sallar asuba kullum, duk muna jin kiran. Mu ma mu tashi lokacin, kafin a hura wuta, mu ba Ubangiji minti 15. Ki karanta 'yan ayoyi, ki yi shiru ki yi tunani a kansu, sannan ki faɗi abu 3 da ya yi miki jiya, kowane da sunansa, kafin ki roƙi komai.

Kada wata ta ce ba ta iya karatu. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, amma iyayenmu mata da yawa sai dai a karanta musu. Ni a ajin yaƙi da jahilci na koya, da girmana, kuma ajin yana nan. Kafin ki iya, ɗiyarki ta karanta miki.

Mu da muka san asibitin kutare na Amanawa kusa da Sakkwato mun san abin da warkewa take nufi ga kuturu. A Luka sura 17, mutum 10 Yesu ya warkar, ɗaya tak ya dawo godiya. Jarin da wannan ƙungiya ta ba mu ya biya kuɗin makaranta, ya sayi magani. Mu dawo mu gode, mu kuma je gidajen waɗanda suka yi fushi mu dawo da su.

Ubangiji ya kai mu baɗi lafiya. Amin.