Jawabin Magatakarda a Bikin Cikar Shekara: Titin da ke Cajin Mota



An ce mu ɗan yi bayani kan wani labari da ke yawo a wayoyinmu, wai akwai titin da ke cajin mota tana cikin tafiya. Gaskiya ne. Ana binne nannaɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe a ƙarƙashin kwalta, a haɗa ta da lantarki. Ita kuma motar akwai wani faranti a ƙasanta. Idan ta bi ta kai, ƙarfin maganaɗisu ya tura wuta cikin batir, babu jona waya, babu tsayawa. Koriya ta Kudu ta sa bas-bas a kan irin wannan titi a garin Gumi a 2013. Suwidin ta gwada a tsibirin Gotland, har da babbar motar kaya, amma tsawon titin bai kai kilomita 2 ba. Na birnin Detroit a Amurka, wanda aka buɗe a 2023, ko rabin kilomita bai cika ba.

To ina ruwanmu, mu da ramukan hanya ba su bar mu ba? Ruwanmu shi ne motocin da Turawa ke hawa yau su ne ake sauke mana a Kwatano bayan shekara goma. In sun koma lantarki, 'yan Beljiyam ɗin da muka dogara da su za su canza, kayan gyara za su canza, bakaniken da ya san injin dizal kaɗai zai rasa abin yi. Kuma ba mu manta 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa Nijar daga Najeriya. Motar dizal tana iya ɗaukar jarka ta ƙetare iyaka. Mai batir fa, in wuta ta ɗauke tsakanin Jibiya da Maraɗi da buhunan albasa a baya?

A ganinmu kada kowa ya yi gaggawar zuba jarinsa. Amma muna roƙon shugabanni a ware wani abu daga kuɗin wata-wata, a tura yaranmu biyu ko uku su koyi gyaran batir da aikin sola. Takardar tana teburinmu, a zo a rubuta suna bayan sallar la'asar.