Maganar Sanƙo

Yau a kan sanƙo za mu yi magana.

Kwanan baya wani saurayi daga wajen Ƙofar Doka ya zo ɗakin magani, kansa naɗe da tsumma. Da na warware, sai na tarar fatar kan duk ta saɓule. Ashe aure zai yi, ya ga gashin goshinsa ya soma janyewa, sai ya sayar da buhun dawa ya sayi wata kwalba wurin mai talla, ya yi ta shafawa. Gashi bai fito ba, ga gyambo, ga hasarar dawa.

To, ku saurara. Sanƙo ba ɗaukarsa ake yi ba. Ba hula ke kawo shi ba, ba rawani ba, ba kuwa sammu ba ne. Gado ne, ta wajen uwa ko ta wajen uba. Akwai wani sinadari cikin jinin ɗa namiji, shi ke fito da gemu. Ga mai gadon sanƙo kuwa, shi ne ke tsuke saiwar gashin kai, gashin ya yi ta sirancewa har ya ɓace. A 1942 wani masani a Amurka, James Hamilton, ya lura babanni da aka fiɗiye tun suna yara ba su yin sanƙo, don ba su da isasshen wannan sinadari.

Magunguna biyu ne likitoci suka fi tabbatarwa. Na fari shi ne minoxidil, wanda ake shafawa safe da yamma. Asalinsa maganin hawan jini ne, aka ga masu shansa suna tsiro da gashi. A 1988 aka yarda a Amurka a riƙa shafa shi a ka. Na biyu ƙwaya ce, finasteride, ɗaya kowace rana, an yarda da ita don sanƙo a 1997. Ita rage ƙarfin wancan sinadari take yi.

Amma ku san abu uku. Na ɗaya, sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga alama. Na biyu, tsare gashin da ya rage suka fi yi. Kan da ya shekara da shekaru yana sheƙi kamar bayan ƙwarya ba ya komowa. Na uku, ran da ka bari, bayan 'yan watanni gashin ya koma zuba. Wato kashe kuɗi ne ba iyaka, sai mutum ya yi lissafi tukuna.

Ƙwayar nan takan rage wa waɗansu maza kaɗan sha'awa, kada a sha sai likita ya rubuta. Mace mai ciki kada ta taɓa fasasshiyarta. Kwalbar da ba lambar NAFDAC kuwa, ku bar wa mai ita abinsa. Akwai kuma dashe, a ciro gashin ƙeya a dasa a gaba, kamar yadda ake zuwa yi Turkiyya, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka.

Kada ku haɗa sanƙo da kora. Kora cuta ce, yara ta fi kamawa, takan ci gashi wuri-wuri a zagaye, ta bar ɓawo. Aska da mataji ke yaɗa ta. Ku ce wa wanzami ya sa sabuwar reza ga kowane yaro. Tana warkewa da maganin sha na 'yan makonni, shafi kaɗai ba ya isa. Haka nan in gashi ya zube farat ɗaya, ku zo ɗakin magani. In ta kama, a tura ku asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko babban asibitin Shika.

Saurayin nan gyambonsa ya warke. Ya yi askin ƙwal-kwabo, ya kafa hularsa, an kuwa ɗaura auren. Sanƙo bai taɓa hana mutum noma ba, balle aure.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.