Bashin Karatu da Albashin Injiniyan Sinadarai: Jawabi ga Ɗalibai



An nemi in yi magana a kan wata tambaya da ke damun ɗalibai da yawa: shin ya dace mutum ya ci bashi domin ya karanci aikin injiniya na sarrafa sinadarai? Amsata a taƙaice ita ce ya dace, amma da sharaɗi guda. Sharaɗin kuwa shi ne a auna bashin da albashin da ya fi yiwuwa a samu, kada a auna shi da wanda ake mafarki. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Bari mu fara duba bashin kansa. A shekarar 2024 aka sabunta dokar ba ɗalibai rance, aka buɗe asusun NELFUND. Rancen ba shi da ruwa, kuma ba a neman mai tsaya wa ɗalibi. Kuɗin makaranta ana biyansa kai tsaye ga jami'a, sannan an fara da ba ɗalibi naira 20,000 a wata don ɗawainiyar kansa. Biya yana farawa ne shekara 2 bayan gama bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

To, karatun injiniya shekara 5 ne, ba 4 ba. Mu yi lissafi da misali. A ƙaddara kuɗin makaranta naira 100,000 ne a shekara, wato 500,000 ke nan. In ɗalibi ya karɓi kuɗin ɗawainiya kowane wata har ya gama, ya ƙara 1,200,000. Jimla naira 1,700,000. Wanda ya sami aikin naira 500,000 a wata zai sauke wannan nauyi kafin shekara 3 ta cika. Wanda ya sami na 150,000 kuwa, sai ya haura shekara 9 yana biya, daidai lokacin da aure da haya da hidimar iyaye suke jiransa. Digirin ɗaya ne, bashin ɗaya ne, wurin aiki ne ya raba su.

Ina wurin aikin yake? Nan ne ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Duk ɗalibin wannan fanni idonsa yana kan mai. Amma matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ta shafe shekaru ba ta tace mai yadda ya kamata, kuma yawancin masaƙun Kakuri sun daɗe da rufewa. Gaskiya ne an ƙaddamar da matatar Ɗangote a Legas a 2023, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, sai dai masana'anta irin wannan na'urori ne ke yin yawancin aikinta, ba za ta iya kwashe dukan masu gama karatu ba.

Duk da haka, fannin ya fi rijiyar mai faɗi. Akwai masana'antun siminti a Sakkwato da Ashaka da Obajana, akwai na takin zamani, da na sukari, da sabulu, da magunguna, da fenti, ga kuma tace ruwan sha. Albashinsu na farko yawanci bai kai na kamfanonin mai ba, amma ƙofarsu ta fi buɗuwa. Da albashinsu ya kamata mai hankali ya yi lissafinsa. In mai ya zo daga baya, ya zama riba.

Wani zai ce ai tsadar rayuwa tana rage nauyin bashin da ba shi da ruwa, tun da hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024. Haka ne. Amma ita wannan tsada tana cin albashi kamar yadda take cin bashi, kuma albashi ba ya saurin bin ta.

Saboda haka shawarata uku ce. Na farko, ku ci bashin kuɗin makaranta in babu makawa, kuɗin ɗawainiya kuwa sai a shekarun da ya zama dole. Na biyu, watannin koyon aiki a masana'anta kada ku ɗauke su hutu, domin sau da yawa a nan ake sanin mutum, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku, ku shiga da niyyar biya. A 1972 gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance, kuma rashin biya yana cikin abubuwan da suka durƙusar da ita. Kuɗin da kuka mayar, da shi ƙannenku za su yi karatu.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin kunya shi ne a ci shi ba lissafi, ko a ƙi biya alhali akwai hali. Allah ya ba mu ilmi mai amfani.