Mota Mai Sauya Giya Da Kanta, Da Yadda A Ke Tsai Da Ita

 

Kun saba jin mu muna magana a kan sauro da ƙuda da ruwan sha. Yau kuwa a kan mota za mu yi. Kada wani ya ce ina ruwan ma'aikatan lafiya da mota. Wanda duk ya taɓa leƙa ɗakin da a ke karɓar waɗanda suka yi haɗari a Asibitin Barau Dikko, ko a Babban Asibitin Kawo, ya san amsa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafi cewa mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma babu abin da ya kai haɗarin hanya kashe yara da samari 'yan shekara 5 zuwa 29.

Ku da ke zuwa ɗakin shan magani a ƙauye, abin ya shafe ku ƙwarai. Wata rana malamin asibiti zai duba majinyacinku, ko ungozoma ta duba mai naƙuda, a ce wannan sai Kaduna. Nan da nan a kan nemo mota, sau da yawa ta aro, sau da yawa kuma da dare. Direba yana cikin gaggawa, motar kuwa bai saba da ita ba. To, a nan ne a kan fita neman lafiyar mutum ɗaya a jawo wa mutum biyar rauni.

Tun 1975, sa'ad da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, ƙetaren kogi, direbobinmu da yawa sun koyi tuƙi ne a mota mai abin takawa uku, watau kuloci da birki da totur. Amma akwai wata iri da a ke kira otomatik, wadda kamfanin General Motors na Amurka ya baza a kasuwa tun motocinsa na 1940. Yanzu ta cika titunanmu, musamman cikin motocin da a ke kira Baljiyam. Ita abin takawa biyu gare ta, birki da totur, giya kuwa ita ke sauya wa kanta.

A jikin sandar giyarta akwai harufa huɗu. P na ajiye mota ne. R na komawa baya, watau ribas. N shi ne firi, inda inji ba ya haɗe da ƙafafun mota. D na tafiya gaba. A waɗansu motoci akwai L, ko 2 da 1, ko alamar ƙari da ragi, waɗannan na riƙe mota a ƙaramar giya ne.

Ga babban abin da mu ke so ku riƙe. Motar kuloci, in direba ya yi kuskure, ta kan yi tsalle ta mutu, ta tsaya. Otomatik ba ta mutuwa. Abin da ƙafarka ta umurce ta, shi za ta yi, ko daidai ne ko kuskure. Har ma in tana D ko R ka ɗauke ƙafa daga birki, za ta fara tafiya da kanta ko ba ka taɓa totur ba. Saboda haka lafiyar jama'a duka tana rataye a kan birki da ƙafar direba ta dama. Ga ka'idodi biyar.

Na fari, ƙafa ɗaya a ke tuƙa ta da ita. Ƙafar hagu ta huta a gefe. Wanda ya saba da kuloci, ƙafarsa ta hagu ta kan tashi neman kulocin ta faɗa kan birki, mota ta kafe farat ɗaya, majinyaci ya gwaru da kujera. Mafi muni kuma, mutum ya firgita ya taka totur yana tsammanin birki ne, mota ta zabura, shi kuwa ya ƙara dannawa. In ka taka abin da ka ke zaton birki ne ka ji inji yana ruri, ɗauke ƙafa maza, ka sake takawa a hagu da inda ka taka. Kada ka yi tuƙi da silifa mai zamewa. Duba kuma kada gorar ruwa ta gangara ƙarƙashin birki, ko shimfiɗar ƙasa ta danne totur.

Na biyu, kada ka taɓa sandar giya sai ƙafarka na kan birki. Haka za ka yi wajen tayar da inji, haka wajen fita daga P. Tsakanin D da R kuwa, sai mota ta tsaya cik. Kafin ka saki birki, dubi harafin da ka ke kai da idonka, kada ka dogara da hannu. Kafin ka koma baya, fita ka zagaya motar, domin ƙaramin yaro da ya tsuguna a bayanta ba ya fitowa a madubi.

Na uku, yadda a ke ajiye ta. Taka birki, ja birkin hannu, sa giya a P, kashe inji, zare makulli ka tafi da shi. Abin da ke riƙe mota a P wani ɗan ƙarfe ne da bai wuce yatsa ba, wanda ke shiga tsakanin haƙoran giya. Kada ka ɗora masa nauyin mota shi kaɗai a gangara. Kada ka fita ka bar mota a D wai don za ka buɗe ƙofar gida ka dawo. Kada ka bar yara a ciki inji yana aiki. Kuma kada ka miƙa makulli ga yaron da ke wanke mota ka ce ya gyara mata tsayuwa. Sauƙin tayar da ita shi ke ruɗin wanda bai iya ba ya ga kamar ya iya.

Na huɗu, ban da firi a gangara. Waɗansu direbobi su kan sa N don tsimin mai, waɗansu ma har su kashe inji. Motocin zamani su kan yanke wa kansu mai in an ɗauke ƙafa daga totur suna cikin giya, don haka ba wani tsimin kirki a firi. Kashe inji kuwa ganganci ne, domin inji ke ƙara wa birki ƙarfi. Da ya mutu, taku ɗaya ko biyu birki zai yi tauri kamar dutse, sitiyari ya yi nauyi. A doguwar gangara, irin Hawan Kibo na hanyar Jos zuwa Akwanga, sa ƙaramar giya tun daga sama, inji ya taya ka riƙe mota. In ka bar ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, zai yi zafi ya daina kamawa.

Na biyar, birki ba ya tsai da mota nan take. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin mita 14 a daƙiƙa ɗaya, tun direba bai kai ƙafa ga birki ba. Dokokin hanya na Ingila sun auna cewa a gudun kilomita 48 mota na bukatar mita 23 kafin ta tsaya, watau tsawon mota 6. A gudun kilomita 96 kuwa sai mita 73, tsawon mota 18. In hanya ta jiƙe, ninka wannan sau biyu. Dokar ƙasarmu ta ba ƙaramar mota kilomita 100 a babbar hanya mai tagwayen layi, amma 50 kawai a cikin gari. Wanda ya taho daga wajen Zariya ya fara rage gudu tun Rigachikun. Daga Kawo zuwa titin Ali Akilu da titin Ahmadu Bello, ga 'yan makaranta, ga masu talla, ga Keke Napep da kan tsaya ba sanarwa. Cikin ruwan Agusta, ko lokacin hazo, ƙara rata tsakaninka da na gaba. In ka ratsa ruwan da ya kwanta a titi, ɗan taka birki a hankali kana tafiya har ya bushe.

Yawancin waɗannan motoci suna da wata na'ura da a ke kira ABS, wadda Mercedes-Benz ya fara sa wa motocinsa a 1978. Aikinta ta hana taya kafewa ta yi ta zamiya. In ka taka birki da ƙarfi ka ji yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, ba lalacewa ya yi ba, aikinsa ke nan. Kada ka saki. Ci gaba da dannawa, kana karkata sitiyari ka kauce.

Birki ma ya kan yi ciwo, kuma ya kan nuna alama kamar jikin mutum. In ya yi laushi yana nutsewa ƙasa, in yana ƙara kamar ƙarfe na gugar ƙarfe, in mota na ja gefe guda sa'ad da aka taka, ko jar fitilar birki ta ƙi mutuwa bayan an saki na hannu, a kai ta wurin makaniki a ranar. Duba man birki kowane mako. In yana raguwa, ko dai takalmin birki ya cinye ko akwai yoyo. Man nan yana shan danshin iska, saboda haka a kan sake shi wajen kowace shekara 2. Kada a zuba wani mai dabam, balle ruwan sabulu. In za ka sayi takalmin birki a Panteka ko wani wuri, tafi da makanikin da ka amince da shi, kada araha ta ja ka. Taya da ta suɗe kuwa, komai kyan birki ba za ta kama ƙasa ba.

To, in birki ya ƙi ana cikin tafiya fa? Ɗauke ƙafa daga totur. Yi ta taka birki kana saki da sauri, wani lokaci ya kan dawo. Sauko da giya mataki mataki. Ja birkin hannu sannu sannu, kada ka fizge shi. Yi ta oda. Kada ka sa P ko R, kada kuma ka kashe inji sai ka tsaya. In totur ne ya maƙale, danna birki iyakar ƙarfinka kada ka saki, tura giya zuwa N, ka sauka gefen hanya, sa'an nan ka kashe.

Kowa ya ɗaura bel. Tun 2003 Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta ke tilasta shi. Mai juna biyu ma ta ɗaura, igiyar ƙasa ta bi ƙarƙashin ciki. Yara a kujerar baya, kada a rungume su a gaba. In haɗari ya auku, a kira 122 ko 112. A danne inda jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta. Kada a ɗura wa mai rauni ruwa, kada kuma a fizgo wanda ke kukan wuya ko baya, sai in ana tsoron wuta.

Kai kuma fasinja, kana da bakin magana. Kafin ka sa majinyacinka a mota, tambayi direba ko ya saba da irinta, kuma ya gwada birki tun a ƙofar gida. In yana gudu, ce masa ya rage. Hausawa sun ce sauri ya kan haifi nawa. Minti goma da za a ƙara a hanya bai kai wata uku a gadon asibiti ba.

Ku da kuka ji, ku gaya wa waɗanda ba su ji ba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.