Abin da Ke Faruwa a Uwar Garke



Idan ɗalibi ya shiga shagon intanet a Gyadi-Gyadi don duba sakamakon jarrabawar JAMB, kwamfutar da ke gabansa ba ta san makinsa ba. 'Yar aike ce kurum. Da ya rubuta lambarsa, sai ta kai buƙatar ga wata kwamfuta mai nisa, watau uwar garke, bisa ƙa'idar HTTP wadda Tim Berners-Lee ya tsara a cibiyar CERN tsakanin 1989 da 1991.

A can aikin yake. Manhajar da aka rubuta, alal misali da harshen PHP wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, takan karanta buƙatar, ta bincika rumbun bayanai, ta haɗa shafi, ta mayar da shi tare da lamba: 200 in an dace, 404 in babu shafin, 500 in ita kanta ta yi tuntuɓe.

To, babban haɗarin shi ne saurin yarda. Akawun da ya san aikinsa ba ya miƙa fayil don kawai an ambaci lamba. Haka manhaja: in ta miƙa wa rumbu duk abin da aka rubuto ba tare da tacewa ba, mugu na iya cusa umarnin SQL a gurbin lamba, ya kwashe makin ɗalibai, ko ya sauya albashin ma'aikata. Tantancewar da ake yi a burauza ba ta wadatar, domin mai kwamfutar na iya tsallake ta. Lalle ne a sake yin ta a uwar garke, kafin a taɓa rumbun.